Wa Ke Ɗanɗana Ruwan Ciki?

Daminar da aka tsare ƙanena saboda rigimar iyakar gona a Duvu, ni na zama mai kai abinci. Ba a yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake yi, shari'ar kuwa kullum sai a ɗaga. Daga Nassarawo nake ɗaukar kwanon tuwon dawa da jarkar kunun gyaɗa in nufi gidan yarin da aka ajiye shi.

Dokar ƙofar gidan ita ce, duk abin da ka kawo sai ka ɗanɗana a gaban gandiroba, kada a ce ka sa wa ɗan'uwanka guba. Tuwon da na tuƙa da hannuna, a miƙo min cokali a tsaya ana kallon maƙogwarona. Na haɗiye tuwon, na haɗiye takaicin.

Ana cikin haka sai na ga yaron nan yana zubewa. Idanu sun faɗa, tsakanin yatsunsa duk ƙazuwa, yana magana yana riƙe ciki. Na ce, "Kai, ba ka cin abin da nake kawowa ne?"

Ya kira ni yadda yake kiran yayarsa, ya ce, "Ina ci, Adda. Ruwa ɗin ne. Rijiya yana kusa da masai, in ruwan sama ya sauka, duka biyu yana haɗuwa. Ɗaki namu kowa gudawa, bokiti na bahaya kuma ɗaya ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe ni ake tsarewa da cokali, gubar kuwa tana cikin gida, da guga ake jawo ta.

Na fara kawo masa ruwa daga gida, amma a ɗakin da mutane ke kwance kafaɗa da kafaɗa, wa zai sha shi kaɗai ana kallonsa? Sai muka haɗa kai, mu matan da ke layin ƙofa, da 'yan zumuntar mata na coci da matan Islamiyya, muka je wurin babban jami'in gidan. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce ana dubawa. Muka koma, ya ce abin daga sama yake. Muka sake komawa, aka ce ya yi tafiya. Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: a toshe masan nan a haƙa wani nesa, ko a ja musu famfo.

Ran nan aka ce manyan baƙi za su zo duba gidan, har aka gayyace mu. Na shiga na ga an shafe bakin rijiyar da farin fenti, an jera tukwanen furanni, wani fursuna yana ba furannin ruwan rijiyar da bokiti. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsoma murfin jarkata a bokitin, na nufi babba a cikin baƙin, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, a gidan nan ba a ba fursuna abu sai an ɗanɗana. Ga ruwansu."

Ya karɓa, ya kai kusa da hanci, ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce lallai za a duba. Ni kuma aka raka ni waje, aka ce na ci mutuncin baƙi.

An ba da belin ƙanena bayan an girbe dawa, lokacin da ko tsayuwa ba ya yi sai an riƙe shi. Daga asibiti muka kawo shi gida, na debo masa ruwan randa mai sanyi, garau. Sai na ga ya kama gefen rigarsa ya rufe bakin kofin, yana tsotsa ta cikin ƙyallen.

Na daka masa tsawa, "Me ye haka? A gida kake!"

Ya dube ni, ya dubi kofin, kunya ta kama shi. Ya ce, "Yi haƙuri, Adda. Wani tsoho a ɗaki namu ya koya mana, ya ce yana tare ƙazanta."

Na ce, "To shi tsohon, ƙyallen ya tare masa?"

Ya ce, "Shi ya rasu tun ana ruwa."