Na Yi Mata Allura Tana Cewa Ba Ta So

Kafin kowa ya kira ni Dokta, ni mai shara ne. A tsohon Zangon Lome aka haife ni, mahaifina ɗan goro ne, na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida na watsar. Ɗan Faransancin da na tsinta shi ya sama min aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Adakpame: in share ɗaki, in tafasa sirinji, in yi tafinta idan Bahaushe ya zo. Nas ɗin wurin Madam Akuvi ce, mace mai tsare gida. Ba ta soka wa mutum allura sai ta jera masa tambayoyi. An taɓa yi maka irin wannan? Jikinka ya kumbura? Ka yarda a yi? Ni ke fassarawa, ina ƙosawa a raina. Mu a Zango, mai maganin da ya cika tambaya cewa ake bai iya ba.

Da kwalbar fanisilin ɗaya na fara, na zura a aljihu. Daga nan sirinji, daga nan farar rigar da aka ba ni in kai wanki. Mutanenmu ba su ɗauki ƙwaya a bakin komai ba, allura ce magani, ga shi suna gudun layin asibiti da takardunsa. Kafin shekara na zama Doktan unguwa. Ban taɓa zama cikin natsuwa ba. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ba ka san wanda ke kai rahotonka ba, ko motar jandarma ta gifta sai in nemi wurin ɓuya. Amma da an ce "Dokta, sannu da aiki," sai in mance.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, maƙwabcinmu Malam Idi mahauci ya ja ni gidansa. Matarsa Inna Hajara ke fama da ƙurji a ƙafa. Matar nan ta goya ni ina jariri. Da ta ga farin ruwan a sirinji sai ta ja zaninta ta rufe cinya.

"Ɗan nan, wace iri ce? A Kumasi an ce kada a ƙara min mai kama da madara."

Malam Idi ya yi dariya. "Tsoron pikir ne kawai, allura take gudu. Dokta, yi aikinka."

"Ni dai ban so," in ji ta.

Na gane abin da take nufi sarai, don na sha fassara shi da bakina. Amma fanisilin ɗin nan ita kaɗai ce allurar da ke jakata, ita kaɗai na iya. In na janye, asirina ya tonu. Na ce, "Inna, wannan daban ce." Na soka.

Ban gama goge sirinji ba leɓɓanta suka kumbura, ta kama maƙogwaro, numfashinta yana fita da ƙyar. Madam Akuvi tana da wata 'yar kwalba don irin haka, ni ko sunanta ban sani ba. Malam Idi ya ce a nemo tasi. Ga laifina mafi muni: na ce a dakata, a yayyafa mata ruwa, zai wuce. Tsoro nake a tambaya a asibiti wa ya yi allurar. Sai da idanunta suka juye na yarda. A cikin tasi ta cika, kanta a kan cinyata.

Asirina ya tonu, aka kama ni. A kotu alƙali ya tambaye ni takardar izinin aiki, na ce babu. Ya ce, "Ta yarda?" Na ce mijinta ya yarda. Ya dube ni ya ce, "Jikin mijin ka soka?" Shekara shida na yi a gidan yari. Ba cunkoso ko yunwa ne suka fi razana ni ba. Duk sanda wani ya shaƙe da tari, sai in ji kamar raina zai fita.

Na fito na tarar an tashi Zango an mai da shi bayan gari. Sabulu nake sayarwa yanzu, ko ƙwayar ciwon kai ba na miƙa wa kowa. Na tuba, ina kan tuba.

Samari, da ku 'yan mata masu karatun jinya, ku ji ni. Kada ku taɓa aikin da ba a ba ku izininsa ba. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kun yi kuskure, ku ruga da mara lafiya asibiti ko da ɗaure ku za a yi. Kuma idan mai jiki ya ce a'a, ku cire hannu, ko wa ke tsaye a kansa.

Na je na durƙusa gaban Malam Idi. Ya ce kwananta ne ya ƙare, ya yafe. Na yi godiya, amma tsorona bai ragu ba. Ba shi ne ya ce ba ya so ba. Wadda ta faɗa tana jirana a inda babu mai amsawa a madadin wani.