Almakashin Haladu Tela

"Wallahi sai na nuna wa matan unguwa, Malam! Kaf ɗinsa, har da wurin kwanukan!"

"Saude, don Allah rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana. Yau suka fara ji?"

Gaskiyarta. Katangar da ta raba gidanmu da na Haladu Tela a Kazaure ba ta taɓa riƙe magana ba. Ta nan muka san cewa tun da sanyin ƙashi ya kama hannun matarsa Saude, shi ke wanke-wanke. Mun sani, mun yi shiru, shi kuma ya ɗauka ya ɓoye.

Ɗan Roni ne. Ya shigo gari da kan keken ɗinki a kafaɗa shekarar da aka samu 'yancin kai. Da kuɗin mai suka zo, kowane ɗan kwangila ya buƙaci babbar riga mai aiki har gwiwa, Haladu ya samu. Wasu suka tafi Makka, shi ya sayo bidiyo da talabijin da ɗan janareto, ya mai da zaurensa gidan kallo.

Kaset ɗin da ya fi tara jama'a na wani Bature ne mai tashi sama ba fiffike, yana tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Mutanen gari suka raɗa masa Gagarau. Haladu ke fassara, alhali Turancinsa bai wuce lambobin tef ɗin awo ba. Yana yi yana dukan ƙirji, yana zare ido, har sunan ya koma kansa. Yana son sunan nan fiye da rigar Sallarsa.

Abin da ba mu sani ba, ya yi wa fim ɗin aski. Akwai wurin da Gagarau ke komawa gida, ya tuɓe kayan yaƙi, ya ɗaura ɗan ƙyalle a ƙugu yana wanke faranti, matarsa na zaune tana zazzaga masa faɗa. Ranar farko Haladu ya kwance kaset ɗin, ya sa almakashi, ya liƙe da jan farce. Daga baya ya ce don tarbiyyar yara ya yi. To amma wurin sumbata, mai tsawo har mutum ya gaji da sunkuyar da kai, bai taɓa shi ba.

Da kaset ɗin ya tsufa yana ruwa-ruwa, amininsa Kawu direba ya yo masa tsarabar sabo daga Kano, cikakke, ba yanka. Ya tarar Haladu ya tafi kasuwar Gwiwa, sai ya miƙa wa Saude. Ita kuwa ta iya kunnawa. Mafarin rigimar da muka ji ta katanga ke nan, bayan ya dawo.

Bayan la'asar mata suka cika zaure. Shewar da suka yi a wurin kwanukan sai da ta tashi awakinmu. Kafin su watse labari ya kai teburin mai shayi, maza suka taho, Kawu a gaba.

Suka tarar da Haladu ya tokare ƙofa, ya naɗe hannun riga, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ko dai ya manta, ko ya gaji. Ni na fi zaton gajiya.

"Gagarau," in ji Kawu yana danne dariya, "an ce ashe mutumin naka yana da aikin la'asar?"

Haladu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya goge hannu a jikin riga, ya matsa gefe.

"Ku shiga ku gani. Wanda ke tare jirgin ƙasa ma bai iya tare bakin matarsa ba. Ni da keken ɗinki kawai na iya ɗagawa, me kuke so in yi?"