Kiyashi da Alkakin Gara

Tun ina da ƙuruciya ni ke yin alkakin gara a danginmu, har zuwa bikin 'yar ƙanena. Ranar Laraba na gama suya, na tsoma a sukari, na jera a kwalla uku a ɗakina a Koki. Da hantsi sai ga layin kiyashi daga tsagar bango, sun miƙe sak zuwa gindin kwallayen.

Na tsuguna ina kallonsu. Ba da ido suke tafiya ba. Kowanne yana taɓa ƙasa da 'yan gashin nan biyu na kansa, yana bin warin da na gabansa ya bari. Na goge tsakiyar layin da yatsa. Suka tsaya cak, suka yi ta kewaye, har ɗaya ya tsinci warin, layi ya sake ɗinkewa.

Maƙwabciyata, Babarbariya mai turaren wuta, ta leƙo.

"Gwaggo, zuba musu tafasasshen ruwa ki huta."

"Hajiya, malam ya ce an hana kashe su. Da wane ido zan tsaya gaban Allah?"

"To shimfiɗa musu tabarma, ki kawo musu ruwan sha."

Na yi ta tunani. Tunda wari suke bi, wari zai kore su. Na jiƙa tsumma da kananzir, na jira sai da wurin ya zama ba ko ɗaya, na shafa a tsagar bangon, na zagaye kwallayen. Suka zo, suka ja da baya, suka juya. Ban kashe ko guda ba, na duba. Na rufe ƙofa da taga kwana biyu don kada wasu su shigo. Ni da ke shiga ina fita, hancina ya saba, ban ji komai ba.

Ranar Juma'a aka kai gara Yakasai. Kafin la'asar matar ƙanena ta dire min kwalla uku a tsakar gida.

"Yaya, shinshina. Uwar ango ta ce a tambaye ki, ci za su yi ko fitila za su kunna?"

Na juye alkakin a juji. Da warin ya sha iska, kiyashi suka kwashe shi tas.

An yi bukukuwa bayan wannan. Ana aiko min da goron gayyata, ba a aiko min da alkama. Har yau in na ga layinsu a soro, tsallakewa nake yi.