Ni Na Buɗe Mata Ƙofofin Trikania

Yayata ta karanci ilimin yanayi a jami'a. Ni kuwa daga sakandare na tsaya, na kama kitso a ƙofar gidanmu a Trikania. Da ta samu aiki a wani ofishin gwamnati da ke ba manya shawara kan sauyin yanayi, Mama ta kai godiya coci har da kaji biyu. Ban taɓa gane aikin ba. Sau ɗaya na tambaye ta, ta fara mini bayanin ƙanƙarar da ke narkewa can ƙarshen duniya, da teku da ke ƙara zafi, da yadda hakan ke hargitsa mana damina. Na ce, "Yaya, ke da ko Legas ba ki taɓa zuwa ba, ina kika ga teku?" Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Wata Asabar da rani ta zo gida da tef na awo da littafi. An sa su rubuta shawara kan unguwannin bakin kogi, ita kuma ba ta son rubutun zaman ofis. So take ta ga inda ruwa ya tsaya a bangon mutane a ambaliyar baya. To a unguwarmu ba a nuna wannan. Ruwa na janyewa ake shafe waje da fenti, kada sabon ɗan haya ya gani ya gudu. Shaidar tana can ƙuryar ɗaki, bayan kabad, inda ba a kai baƙo. Yaya kuwa tun da ta tafi makaranta ta zama baƙuwa. Ni ce na san kan kowace mace a layin.

Saboda haka ni na riƙa yin sallama.

"Maman 'yan biyu, ina kwana? Yayata ce, bango kawai za ta duba."

Maman 'yan biyu 'yar ƙabilar Ibo ce, mijinta bakanike a Kakuri. Shekara da shekaru suna gini, ɗaki bayan ɗaki. Da hannunta ta ja kabad ta nuna mana. Layin ruwan ya kai mini ƙirji, miƙaƙƙe kamar da rula aka ja.

"Rubuta da kyau, 'yata," in ji ta. "Ki gaya wa oganku ya ba mu kwalbati. Ki rubuta kuma ƙanwarki ta cinye mini gashin gaban goshi da ja."

"Mama, ai haka na same shi!"

"Ƙarya! Ki tambayi mijina."

Ta saya mana lemo. Na riƙe bakin tef, Yaya ta karanta ta rubuta. Asabar uku muna yi, ba gidan da aka hana mu shiga.

Daga baya na karanta abin da ta rubuta da idona. Ta ce layi biyu na kusa da ruwa ba su da ceto: a nema wa mutanen fili a tudu, a kwashe su a hankali, sannan a rushe. Sauran a yi musu magudana. Haka ta jera shi. Amma takarda in ta hau bene ta bar hannun mai ita. Abin da ya sauko mana mota ce da mutum huɗu da gwangwanin jan fenti. Suka bi layi biyun nan suna sa wa gidaje alamar rusau, har namu. Maganar fili ba wanda ya ji ta.

Daga ranar ba wadda ta sake zama a tabarmar kitsona. Gidan dai bai rasa baƙi ba, don a wurinmu in ɗanka ya shiga gwamnati ba wurinsa ake zuwa ba, wurin uwarsa ake zuwa. Wannan da doya, wancan da ƙwai, kowa na roƙon Mama ta sa baki a cire gidansa. Ta amsa gaisuwa, ta mayar da doya, ta shiga ɗaki ta zauna.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Yaya ta zo. Ta rame. Ta ce wani babba a wurinsu ya kira ta, ya ji gidan mahaifiyarta na ciki. Za a iya tsallake shi, gida ɗaya ba wani abu ba ne.

"To me kika ce?"

"Na ce a'a."

"Kin ce me? Gidan da Baba ya mutu ya bar mana?"

"Ruwa ba zai tsallake shi ba. Kin ga bangon ɗakin Mama."

"Kar ki karanta mini littafi, Yaya. Ke kina da ɗakinki a cikin gari. Mu ina za mu?"

"In namu kaɗai aka bari a tsaye, da wane ido Mama za ta fita?"

"Da idon da take fita yanzu! Kin ga mai gaishe mu?"

Na zazzage mata komai. Na ce ita ba kowa ba ce a ofishin nan, 'yar rubutu ce. Ba ta iya hana rusau ba, ba ta iya samo fili ba, abu ɗaya tak da aka miƙa mata ta ƙi karɓa. Ba ta musa ba. Mama ce ta ɗago ta ce, "Ya isa haka. Ku nemo buhuna mu haɗa kaya."

An rushe kafin ruwan farko. Ranar na ga Maman 'yan biyu tana taya mijinta sauke kwanon rufi. Na gaishe ta. Ta dube ni ta ce, "Ke ce kika yi sallama." Ta ci gaba da sauke kwanonta. Mu muka koma Kakau, ɗaki ɗaya a gidan ƙanin Mama.

Sai damina ta zo ta wuce, kogi bai fito ba. Ruwa ya sauka yadda ya saba, ko tushen layin farko bai taɓa ba. Ciyawa ta rufe ɓaraguzan. Nan aka fara cewa dama ƙarya ce, filin aka sayar, yayata ta ci rabonta. Har Kakau maganar ta biyo mu, har cikin taron matan zumunta, Mama ta daina zuwa. Yaya ta yi bayani har ta gaji. Ita ba ta ce bana ba, ta ce zai zo, in ba bana ba baɗi, kuma zai fi na baya. Wanda ke kwana a barandar wani ba ya jin wannan Hausar.

Yanzu wata daminar ta kama. Duk ranar da hadari ya haɗu nakan fita in tsaya, ina roƙon Allah a zuciyata ya zuba, kogi ya cika ya haɗiye wurin, kowa ya gani. Na san akwai layi na uku da ba a taɓa ba, magudanar ma ba a yi ba, kuma da yara a ciki. Na sani, ina roƙon.

Ran nan Mama ta same ni tsaye cikin iska ina kallon gabas, ta ce me nake yi. Na ce shanya nake kwashewa. Ta dubi igiya, ba ko tsumma a kai. Ta ce in shigo in rufe ƙofa.