Ƙofar da Aka Rufe Ranar da Baba Alrik Ya Rasu

Kai mai karanta wannan, idan ka tura ɗanka karatu ƙasar kakanninsa, to ranar da ya dawo ka zaunar da shi ka sake koya masa zama da mutanen da ya bari. Kada ka jira sai an yi maka rasuwa.

Mahaifina, Alrik Sundell, ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 1968, a gonarsa ta Endebess, a gindin dutsen Elgon. Ya sha kofinsa na safe, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta, bai tashi ba. Shekararsa saba'in da tara. Ni ce babbar 'yarsa Gunhild, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Baba, ka baro Suwidin kana saurayi, ka iso nan a keken shanu, da gatari da Littafi Mai Tsarki da katakon gudu a kan ƙanƙara wanda har yau yake rataye a bango ba a taɓa amfani da shi ba. Turawan Ingila suka sayar maka da ƙasar da ba tasu ba. Ba zan ɓoye wannan don ka mutu ba, kai ma ba ka ɓoye mana ba. Ka sha gaya mana cewa mu baƙi ne da aka ƙyale, don haka mu yi tafiya a hankali.

Ba ka da yawan magana. Mama, Allah ya ba ta hutawa, takan ce ta auri ginshiƙi. Amma kai ka kafa injin niƙa a bakin rafi, kuma babu macen da ta taɓa komawa da masararta ba a niƙa ba. Shekarar da hukuma ta hana mutanen ƙasa riƙe shanu a wannan yanki, maƙwabcinmu Makokha ya zo maka ido jawur, za a kwashe garkensa. Ka sa shanunsa cikin naka, ka ce wa jami'in duk naka ne. Da dokar ta sassauta ka mayar masa da su har da 'yan maruƙan da suka haifa. Daga nan kuka zama aminai. Kowace Lahadi yana barandarmu, kana ba shi kifinka mai gishiri na cikin ganga, yana toshe hanci.

"Dogo," in ji shi, "wannan kifi ya mutu tun kakanka yana rarrafe."

"Ka ajiye mana."

"In ajiye ka ce na raina ka? Miƙo dankalin."

Wannan mutumin ne jikanka ya tsayar a bakin ƙofa.

Ranar da ka rasu na tafi Kitale neman likita da fasto. Na bar gida a hannun ɗana Ulf, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Uppsala ta ƙasar Suwidin ba. A can ya ga jana'izar ƙanwarka, sai ya yi abin da ya gani. Ya yanyanka ganyen itace ya barbaɗa daga ɗaki zuwa hanya, ya sauke labule, ya fara rubuta sunayen waɗanda za a aika wa katin gayyata mai baƙin gefe, ya sa aka rufe ƙofar gona don iyali su sami shiru.

Kafin azahar Makokha ya iso da mutanensa, mata na kuka tun daga kan tudu, samari na jan bijimin da za a yanka. Ulf ya tsaya daga ciki.

"Ku yi haƙuri, Kaka. Za a sa rana, za a aiko muku da kati."

"Katin me? Aure ake yi?"

"Haka ake yi a wajenmu."

"Wajenku ina? Yaro, ni na sassaƙa maka sandar kiwo ta farko. Yau ni zan jira takarda kafin in yi kukan Dogo?"

Ulf bai buɗe ba. Makokha ya ce a juya bijimin.

Na dawo na tarar da gida tsit. Washegari ma ba wanda ya zo, ma'aikata suna gaishe ni suna kallon ƙasa. Na ga abin da ke tafe: za mu binne ka mu da wasu Turawa 'yan ƙalilan, kamar wanda ya mutu a hanya, bayan nan kuma 'ya'yana su zauna a ƙasar da aka haife su ba mai leƙo su. Na sa Ulf a gaba muka nufi gidan Makokha, a ƙafa, na hana shi taɓa mota. Makokha ya bar mu tsaye a rana har ya gama duba shanunsa. Ulf ya durƙusa.

"Kaka, na yi kuskure."

"Uwarka ce ta ce ka faɗa?"

"I."

"To, aƙalla ba ka ƙarya. Nan ka biyo Dogo."

Makokha ya zo ranar binnewa, Baba, da dukan mutanensa. Shi ya fara zuba ƙasa. Amma da na kai masa abinci da hannuna ya kau da kai.

"'Yata, wajen Dogo na zo. Gidan nan kuwa ban san masu shi ba tukuna."

Tun ranar bai taka barandarmu ba. Ina jin motsi a hanya sai in tashi in leƙa.

Ban ce Ulf mugu ne ba. A ganinsa girmama ka yake yi. Amma iyaye mata, ku ji ni: yaron da ya iya riƙe cokali a teburin baƙi, bai iya gane tsohon da ya goya shi ba, tarbiyyarsa ba ta kammala ba, ko takardun shaida nawa ya kwaso. Baƙin ciki ba kayan ɗaki ba ne da za a kulle. Wanda ya ci tare da mamaci yana da haƙƙi a kan gawarsa.

Baba, Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka abin da ka karɓa ba naka ba, ya saka maka da alheri a kan abin da ka mayar. Ya ba ka hutawa kusa da Mama. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Birgit a Nakuru, da ƙanena Sten a Falun, can Suwidin, wanda bai samu zuwa ba, da jikoki duka. Ina miƙa ta ga Baba Makokha da gidansa, domin rashinsa bai gaza namu ba. Allah ya ba mu haƙuri.

Ga dokar da na kafa a gidan nan, na kuma faɗa wa yara a gaban ma'aikata. Na sa an cire ƙyauren ƙofar gona an jingine shi a rumbu. Ba a gayyatar kowa kuka, ba a kuma tambayar mai kuka wa ya kira shi. Ulf kuwa, kowace Lahadi zai ɗauki kwanon abinci ya kai gidan Makokha a ƙafa, ya zauna inda aka nuna masa, ko an ci ko ba a ci ba. Ba zai daina ba sai ranar da tsohon ya zo da kansa ya ci a teburinmu.