Tsofaffin Falona Sun Tafi Hutun Dole

Ina cikin zuba wa Inna Talatu kunu jiya maigidana ya kira ni daga wurin aiki. Ya ce ya bincika, hukumomin nan sun ce ba zan ci gaba da kula da tsofaffi a gida ba sai da lasisi. Sai na nuna shaidar karatun jinya, an kuma zo an duba wurin, har banɗaki.

Tsofaffin su uku ne har da Inna Talatu, iyayen maƙwabtanmu 'yan Najeriya a nan Nu'aija, inda muke zaune a ƙasar waje. 'Ya'yansu kan kawo min su da safe su wuce aiki.

Na tuna gidanmu na Funtuwa, inda Mama ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwa da ba mu haɗa komai da ita ba. Ita ke mata wanka, ta shafa mata man kaɗe, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ba wanda ya taɓa tambayarta takarda.

Na durƙusa na faɗa wa Inna Talatu. Ta ce, "'Yar nan, gaskiyarsu. Can gida duk unguwa ke sa ido a kan tsoho. Nan in kin rufe ƙofa, wa ke ganinmu? Je ki nemo takardarki, muna jiranki. Kunun nan dai ki riƙa aiko min."

Na yi dariya ina share hawaye. Yau falon shiru, ni kuwa na fara cigiyar makarantar jinya.

Ku a gidanku wa ya riƙe tsofaffi? Ku ambace su mu sa musu albarka.