Badaru Mai Laya, Badukun da Ya Riƙe Takalman 'Yan Ƙwallon Jami'a

Haihuwa da asali

An haifi Malam Badaru Kalilu a birnin Daura a shekarar 1932, in dai za a yarda da takardar ɗaukarsa aiki. Mahaifiyarsa Kande, mutuniyar Zango, ta rasu tana cewa ta haife shi damina biyu bayan fari sun cinye gero, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta wace shekarar farin take nufi. Mahaifinsa Kalilu baduku ne ɗan baduku, yana ɗinka takalma da kube da zabira, sannan malaman unguwa sukan aiko masa da rubutu a naɗe ya rufe musu shi cikin jar fata. Wannan na ƙarshe a riƙe shi, domin daga nan duk ruɗanin ya samo asali.

Karatu da sana'a

Yana da kimanin shekara shida aka sa shi makarantar allo a zauren Malam Dabo, inda ya kai izu goma sha biyu, ya kuma iya rubuta sunaye da ajami. Bai shiga makarantar boko ba ko da yini ɗaya. Tun kafin ya balaga hannunsa ya faɗa a ɗinkin fata, har ta kai ana bambance ɗinkinsa da na mahaifinsa saboda ƙanƙantar huji.

Aure da zuriya

A shekarar 1958 Malam Dabo ya aura masa 'yarsa Murja, abin da ke nuna irin yardar da malamin ya yi da addininsa. Allah ya ba su tagwaye, Hasana da Hussaini, a 1961, sai Lawal a 1965, sai Haulatu, wadda ake kira Auta, a 1970.

Shigarsa aikin jami'a

Farkon shekarun 1970 kuɗin man fetur suka fara shigowa, takalman roba suka cika kasuwar Daura, ciniki ya ja baya a rumfar dukawa. A hutun damina na 1972 wani ɗalibi ɗan Mai'adua mai suna Sada, wanda yake tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon wata jami'a da ke kudu da mu, ya kawo masa ƙwallo da ta yage da takalman wasa da suka buɗe baki. Da ya koma, mai horar da su ya juya ƙwallon nan ya rasa inda aka ɗinke ta, ya ce a nemo masa mutumin.

Sada ne ya cika masa takardar neman aiki. A wurin da aka tambaya ko mai nema ya iya karatu da rubutu, ya rubuta cewa ya iya. Da na tambaye shi dalili bayan shekaru masu yawa, cewa ya yi, "Hajiya, ai na gan shi yana rubuta ajami, kuma takardar ba ta ce wane rubutu ba." A watan Oktoba na wannan shekara aka ɗauki Badaru a matsayin mai kula da siton kayan wasa, ya bar iyalinsa a Daura, yana zuwa hutu da salloli.

Aikinsa ya haɗa da wanke riguna da safa, da hura ƙwallaye da shafe su da kitse, da buga ƙusoshin ƙasan takalma, da zana layukan fili da farar ƙasa ta amfani da igiya da hujajjen gwangwani, da yanka lemo na hutun rabin lokaci. Shekara goma sha uku ya yi a bakin fili, amma har ya bar duniya bai gane abin da ake kira satar gida ba. Ya sha faɗa wa Murja cewa shi ƙafa yake kallo, sai ya ji ihu sannan ya tambayi na kusa da shi wa aka ci.

Asalin fatun

Takalman mallakar jami'a ne, ƙafa ashirin da biyu, kuma an rubuta sunan kowane ɗan wasa da biro a ciki da rubutun boko. A makonsa na farko ya ba wani takalmin wani, aka yi masa tsawa. Sai ya rubuta sunayen da ajami da tawadar allo, ruwan farko ya wanke. Daga nan ya koma ga abin da ya sani: ya yanki 'yan ƙananan fatu ya yi wa kowacce shaida a gefe irin wadda makiyaya ke yi wa kunnen tumaki, wannan tsaga ɗaya, waccan biyu, wata huji, ya ɗinka a harshen takalmi. Fata falle ɗaya in ta jiƙe takan kanannaɗe ta ci ƙafa, saboda haka ya ninka ta ya ɗinke gefe huɗu. To, hannun da ya tashi a rumfar Kalilu ninki ɗaya ya sani, kuma duk wanda ya taɓa ganin laya zai rantse ita ce.

A nan ne maganganu suka fara rabuwa. Sada ya ce 'yan wasa sun tambaye shi tun ranar farko, ya yi musu murmushi kawai. Murja ta ce ba wanda ya tambaye shi, godiya kawai suka riƙa yi masa, shi kuma ya ɗauka ta wanki ce. Abin da ba a jayayya a kai shi ne daga 1973 zuwa 1976 ba a ci ƙungiyar nan a filinta ba sai sau biyu. Mutane suna ambaton wannan a matsayin hujja. Ni kuwa na lura cewa a shekarun ne aka kawo sabon mai horarwa, aka saya musu mota, aka fara ba su ƙwai da madara, amma ban taɓa jin wanda ya yi wa madara kirari ba.

Kwamitin 1977

A watan Maris na 1977 wata ƙungiya da aka lallasa da ci huɗu ta kai ƙara cewa ana shiga fili da asiri. Aka kafa kwamiti na mutum uku. Kafin nan, a gyaran tsarin ma'aikata da ya zo da ƙarin albashin Udoji, an riga an sanar cewa duk mai riƙe da sito lalle ne ya iya karanta takarda. Saboda haka in Badaru ya faɗi amfanin fatun, ya tona cewa bai iya boko ba, aiki ya tafi, alhali Hasana da Hussaini suna tsakiyar sakandare. In kuma ya amsa cewa laya ce, ya zama boka, alhali shi surukin Malam Dabo ne. Ana jibi za a zauna, mai horarwa ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ko mene ne a ciki, kar ka faɗa, yaran nan da shi suke gudu."

An yi masa tambayar sau uku, sau uku yana cewa, "Ranka ya daɗe, fata ce." Shugaban kwamiti ya ce a yanka ɗaya a gani. Wanda aka miƙa wa reza ya ce shi yana da iyali. Aka tashi ba a yanka ba. Na karanta kwafin rahoton da Sada ya adana, shafi biyu ne: sakin layi na farko ya ce ba a sami shaidar asiri ba, na biyu ya umarci a cire asirin nan take. Ba a cire ba, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen. Aiki dai ya tsira.

Yadda Daura ta karɓi labarin

Kafin ya zo Babbar Sallah ta wannan shekara, direbobin tasha sun riga sun kawo labari cewa har Turawan jami'a sun kasa kwance aikinsa. Daga ranar aka laƙaba masa Mai Laya. Masu neman sa'ar jarrabawa da masu sabuwar mota da fataken shanu suka riƙa sallama a ƙofar gida. Da ya ce ba shi da abin da zai ba su, sai aka ce rowa ce, 'yan boko masu albashi kaɗai yake yi wa. Malam Dabo ya kira shi zaure ya tambaye shi gaskiyar magana a gaban ɗalibai, shi kuwa don tsoron kada maganar ta bi direbobi ta koma jami'a, ya sake cewa fata ce. Malamin ya ce, "Ni ma na san fata ce, Badaru, cikinta nake tambaya." Bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba har ya rasu a 1981. Dalilin da ya hana Badaru komawa ya faɗa masa a keɓe, wannan ban sani ba. Murja ma ta ce ba ta sani ba, ta ce ta tambaye shi ya ce ya bari ne sai yara sun gama makaranta, malam kuma bai jira ba.

Ritaya da ƙarshen rayuwa

Ya ajiye aiki a 1985, ya dawo Daura da gwangwanin madara cike da fatun da ya ciccire daga tsofaffin takalma. Tun daga lokacin ya shiga bayyana wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shaidar takalmi ce kawai, yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin mai tsaga biyu ta wane ce, mai huji ta wane ce. Amsar da yake samu ita ce, wane mai asiri ne ya taɓa amsawa? Bai yarda ya yanka ko ɗaya ba, wai ɗinkin ya yi kyau. Ana gaisawa da shi a masallaci, amma ba a taɓa tura shi gaba ba ko da liman ya yi tafiya.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba da hantsi, a watan Yuni na 1996, bayan jinyar mako uku. Da aka fito da makara, limamin unguwa Malam Amadu ya tsaya yana gyaran rawani yana duban mutane, har aka fara raɗa cewa ko wani zai shige gaba. Sai Murja ta aiko Hussaini daga cikin gida da gwangwanin nan da sabuwar reza, da saƙon cewa, "A gaya wa Liman shekara goma sha tara ana tsoron reza, yau a yanka." Hussaini ya durƙusa a tabarma ya tsage su ɗaya bayan ɗaya, talatin da ɗaya, liman yana dubawa. Babu takarda, babu gashi, babu komai sai fata zalla. Malam Amadu ya yi istigfari, ya shige gaba ya yi masa salla, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Sada da wasu tsofaffin 'yan wasa biyu sun iso ana rufe kabari.

Da aka dawo, Hussaini ya je tattara fatun da ya bari a tabarma don ya mayar wa mahaifiyarsa. Gwangwani na nan, reza na nan, fata ko ɗaya babu. Duk masu zaman makoki sun ce ba su ga wanda ya ɗauka ba. Sada da kansa ya nuna mini tasa, wadda ya ciro daga takalminsa tun 1976, tana cikin walat ɗinsa. Ya ce ya yarda ɗari bisa ɗari babu komai a ciki, amma da na miƙa hannu sai ya mayar aljihu.

Marigayin ya bar matarsa Murja da 'ya'ya huɗu: Hajiya Hasana, shugabar makarantar firamare, wadda ta koya masa rubuta sunansa da boko bayan ya yi ritaya, Hussaini, malamin asibiti, Lawal, wanda ya gaji rumfar dukanci, da Haulatu Auta, da ke aure a Zango. Har yau in za a kwatanta gidansu, gidan Mai Laya ake cewa. Allah ya gafarta masa, ya haɗa shi da surukinsa a inda ba a buƙatar reza.